Kujerun Yini Ɗaya

4 ga Maris

Zuwa ga 'yar ƙanena, Sarkin Tambaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran da ban taɓa gani ba sai a hoto. Mu nan da sauƙi. Gwiwar hagu ce dai ta ƙi ni, in na durƙusa ɗaukar ƙusa sai an miƙo mini hannu. Kunne kuwa kin san injin yankan katako ya daɗe da cinye rabinsa, shi ya sa na hana ɗana, yayanki, manna mini waya a kai kamar mai gasa ƙurji. Mai magana da ni ya rubuto.

Tela maƙwabcina ne yake rubuta mini wannan, yana gaishe ki. Shi ya karanta mini taki, har sau biyu, don karon farko ban gaskata ba. Shekara shida! Innarki ta yi jinyar wata bakwai ta rasu, abin da na samu daga gare ki saƙon baki ne a bakin direba. Yau kuma ga takarda har shafi biyu. Tela ya ce an tuna da Baffa. Na ce a'a, kujeru aka tuna.

Kin tambaye ni labarin kujerun makarantar da take kallon shagona. E, ni ne shugaban kwamitin iyaye, shekara tara ke nan, kuma ba da takardar shaidar karatu aka zaɓe ni ba. An kawo kujeru bara, na gani. Yanzu babu su, wannan ma na gani. Abin da ya faru tsakanin zuwansu da tafiyarsu ki tambayi masu biro. Ni kafinta ne, abin da na sani zarto da guduma.

Yara dai a ƙasa suke zaune, wasu kan buhun siminti, wasu kan takalmansu. Ba yau aka fara ba. Ubanki ma, Allah Ya jiƙansa, a ƙasa ya fara, kuma bai hana shi zama abin da ya zama ba.

Ki gai da mutanen gidan.

Baffanki.

12 ga Maris

Baffa,

Wa'alaikumus salam. Na ji daɗin amsarka ko da faɗa ne ya cika ta. Allah Ya ƙara sauƙin gwiwa. Muna lafiya, ƙaramin ne ya yi zazzaɓi, ya warware. Maganar Inna ba ni da bakin kare kaina. Ina da tsohon ciki lokacin, likita ya hana ni hanya, amma bayan na haihu ai da na zo, ban zo ba. Kunya ta riƙe ni, kuma kullum ƙara nauyi take. Ka yafe mini.

Bari in yi maka bayanin aikina, don na san a gida ana cewa ni ma'aikaciyar gwamnati ce. Ba haka ba ne. Ƙungiya ce ƙarama, mu bakwai a ɗaki biyu. Kowace shekara gwamnati tana fitar da kasafin kuɗi ta ce ga abin da ta ware wa makarantu. Mu kuma mu ɗauki takardar mu bi sawu, mu je mu gani da ido. Inda aka ce an yi rufi, akwai rufin? A takarda, makarantarku ta karɓi kujeru ɗari da ashirin masu haɗe da tebur a watan Yunin bara. Mutuminmu ya zo a Janairu ya tarar da yara a ƙasa. Muka fitar da rahoto, gidajen rediyo suka ɗauka.

Ga abin da yake ci mini rai. Mun zaci ofishin ilimi zai tuhumi ɗan kwangila. Sai suka juya kan Malama, shugabar makarantar, suka ce ita ta sayar da su. An dakatar da ita. Saura wata biyar ta yi ritaya bayan shekara talatin da huɗu tana koyarwa. In aka tabbatar mata da laifin nan korar ta za a yi, babu fansho, ƙila ma har kotu. Ita ta ce kujerun yini ɗaya suka yi. An kawo da safe, ta sa hannu, da rana aka kira ta taro a ofis, washegari ta tarar da azuzuwa wayam. Ta ce ta rubuta ƙorafi sau uku. Ofis ya ce bai ga ko ɗaya ba.

Hujjarsu takarda guda ce. Tana cewa wata ɗaya bayan kawo kujerun, shugaban kwamitin iyaye ya zagaya ya gan su cif a azuzuwa. A ƙasanta akwai dangwalen yatsa, an rubuta naka ne.

Kwamitin majalisa mai kula da ilimi ya yarda zai zauna ya ji bahasi. Duk wanda hannunsa ko yatsansa yake kan takardun nan za a kira shi, kuma ba sa duba tsufa. Baffa, yatsanka ne? An karanta maka kafin ka dangwala?

'Yarka.

24 ga Maris

Sarkin Tambaya,

Sallama da gaisuwa. Lafiyata lau, tunda dole a faɗa.

"Ba sa duba tsufa." Sau uku na sa Tela ya maimaita mini layin nan. To, madalla. Yarinyar da na saɓa a kafaɗa na ruga da ita asibiti ranar da ta taka ƙusa a shagona, yau ita take aiko mini da sammaci. Ki ce musu su zo da motar tasu, ina nan bakin shago, ba na iya gudu.

Tunda tambaya kike so, ni ma ina da tawa. Wa ya sa ubanki a makaranta? Kakanki ya duba mu biyu, ya ce babba ya riƙe shago, ƙarami ya tafi karatu. Shekarata tara. Ba wanda ya tambaye ni. Zartona ne ya saya masa littafi da takalmi, da ya rasu kuma zarton nan dai shi ya ƙarasa miki naki karatun. Shekara hamsin ina yi wa 'ya'yan mutane kujerar karatu, ban taɓa zama a kan ɗaya ba. Yanzu karatun ya nuna, an juyo da shi kaina.

Yatsa kuwa, takardun da na dangwala sun fi gashin da ya rage mini a ka. Ana kawowa ne a ce, "Shugaba, nan." Wa ya taɓa tsayawa ya karanta mini? Malamar da kike yi wa kuka ma ta san haka. Shekara uku da suka wuce, iyaye cike da aji, ta tashi ta ce ya kamata a naɗa wa Shugaba sakatare mai karatu, wai don a sauƙaƙa masa. Aka yi dariya daga baya. Da wannan mataccen kunnen nawa na ji dariyar. Ni da na rufe musu aji biyu da kwanona ranar da iska ta kwashe rufin, ofis bai aiko ko ƙusa ba.

Ban ce ta saci kujera ba. Tela, rubuta wannan da kyau yadda za ta gani. Ban ce ta sata ba. Ban dai ce komai ba.

Baffanki, in har yanzu ina matsayin.

21 ga Afrilu

Baffa,

Assalamu alaikum. Yau kwana arba'in ban ji daga gare ka ba. Na kira Yaya, ya ce lafiyarka ƙalau, kana shago, kana faɗa da mai kawo katako. Ke nan fushi kake da ni. Na sake karanta kwafin abin da na aiko maka, na ga na rubuta shi kamar takardar ofis. Da na ce ba sa duba tsufa, tsoro nake ji maka, so nake ka shirya kafin su yi maka ba-zata. In ka ɗauke shi wani abu daban, laifin hannuna ne.

An sa ranar zaman, sha huɗu ga Mayu.

Na yi magana da Malama a waya. Muryarta ta dusashe, ta ce hawan jini ya taso mata. Na ba ta haƙuri, don rahotonmu ne ya jawo mata, mun harba ba mu duba wanda yake tsaye a gaba ba. Ta ce ba komai, ai gaskiya muka rubuta, yaran a ƙasa suke.

Na tambaye ta, tunda makarantar ba ta da maigadi, wa yake riƙe makullin babbar ƙofa?  Sai ta ce, "Shugaba tsoho ne. Jikokinsa uku sun bi ta hannuna. Kada ku ja shi cikin wannan."

Baffa, ban ƙara tambayar ta komai ba. Kai ma ba zan ƙara tambayar ka ba. Ka dai aiko mini ko layi ɗaya ne in san ka ga wannan.

'Yarka.

28 ga Afrilu

'Yata,

Wa'alaikumus salam. Taki ta iso jiya. Ban yi shiru ba, na amsa tun a Maris. Direban da na ba wa ne motarsa ta lalace, aka ajiye ta gareji da takardata a cikin aljihun gaba. Shekaranjiya ya tuna, ya aika. Ƙila ta riga wannan isowa. In ta iso ki karanta rabi ki bar rabi. Ban janye maganar kakanki ba, wannan tana nan. Amma maganar sammaci, na yarda zafin kai ne.

Gwiwa tana nan yadda take. Abinci ne ba ya shiga sosai kwanakin nan. Matar yayanki ta ce ko tsutsa ce, na ce ta bar ni.

Ranar Alhamis Malama ta zo shagona. Kujerar gidanta ce ƙafa ta karye, irin mai hannu ɗin nan ta da, ta mijinta marigayi. Ita ta ɗauko ta da kanta, tun daga layinsu. Kin san samarin da suke zama bakin shagon mai gyaran babur. Ɗaya ya ɗaga murya ya ce, "Malama, ga ɗaya ta fito, saura ɗari da sha tara!" Suka fashe da dariya. Rabinsu ita ta koya musu riƙe fensir. Ba ta waiwaya ba. Ta ajiye kujerar a gabana, ta gaishe ni yadda ta saba, har da tambayar gwiwa. Ta rame, zanen jikinta kamar na aro. Ta ce, "Shugaba, ba sauri, duk ran da ka samu hali."

Ban tsawata wa yaran nan ba. Ni da ake jin faɗana har bakin titi.

Na gyara kujerar a ranar. Tana nan a kusurwa, na lulluɓe ta da buhu don in daina ganin ta, kuma ban daina ba.

Akwai maganar da nake so in faɗa miki. Ga Tela nan ya ɗaga kai yana kallona, biro a sama. Mutumin kirki ne, amma bakinsa kamar kekensa yake, in ya taka ba ya tsayawa. Ya ce ba zai rubuta wannan ba, na ce ya rubuta. Tela, rufe takardar haka nan.

Baffanki.

2 ga Mayu

'Yata,

Assalamu alaikum. Za ki ga rubutun ya canza. Ba Tela ba ne. Na kawo wa Malama kujerarta, na ce mata ina da wasiƙa, ba ni da marubuci. Ta ɗauko takarda. Ina zaune a falonta, tana gefen tebur, na ce duk abin da ya fito daga bakina ta rubuta, kada ta gyara, kada ta tsaya. Lafiyata ba ta da muhimmanci yau, mu wuce.

Yatsana ne.

Ranar da aka kawo kujerun ina bakin ƙofa tun safe. Aka jera su, manyan ofis suka zo, aka ɗauki hoto, aka sa ni a tsakiya. Tun a lokacin na san akwai magana. Na shafa su. Saman teburan fes, babu zanen biro ko ɗaya, ba yaron da ya taɓa zama a kai. Amma ƙafafun duk sun goge, ƙusoshin gefe sun saki. Kujerar da ba a zauna a kanta ba, ba abin da yake yi mata haka sai hawa mota da sauka. A bayan kowace an buga sunan makarantarmu da farin fenti. Ban iya karatu ba, amma yatsana ya san fenti a kan fenti. Akwai wani rubutun a ƙasa, siffarsa daban. Na ji, na yi shiru, na gyara hulata don hoto.

Bayan an tashi yara, Malama ta tafi taron da aka kira ta, sai ga babbar motar ta dawo. Yaron ɗan kwangila, wani mai ƙaton agogo, ya zo shagona har da rusunawa. "Ranka ya daɗe, Shugaba." Ya ce kujerun za a kai a shafa musu banish, mako ɗaya su dawo. Ya ce kuma akwai ɗan aiki, an yi kuskuren suna, a shafe a buga wani, kuma an ce duk yankin nan ba hannu kamar nawa. Ya miƙo mini gwangwanin fenti da farantin da aka huda haruffa a jiki.

Kafinta ne ni. Na san banish a jikinsu yake, yana ƙyalli. Na san ba a kuskuren suna sau ɗari da ashirin. Na ɗauko makulli na buɗe musu. Ni na shafe sunan makarantarmu da hannuna, ɗaya bayan ɗaya, na buga na wata. Suna lodi suna hira a gabana, sun ɗauka kurma ne ni gaba ɗaya. Na ji direba yana cewa gobe da sassafe makarantar gaba da gada, masu hoto ƙarfe goma. Aka biya ni kuɗin aikina, na karɓa.

Kada ki ce kuɗin ne, bai kai na buhun ƙusa ba. Abin da na ce a raina shi ne, bari mai karatu ta dawo ta karanta wannan. Na ce ta yi zufa mako ɗaya ko biyu, ta san makulli ma wani abu ne. Dariyar ranar nan ce nake ramawa. Washegari ta zo shagona ta ce, "Shugaba, wa ya buɗe?" Na ce na fita sayen katako, makulli yana rataye a ƙusa, kowa yana iya ɗauka. Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "To, Shugaba."

Mako ya wuce, wata ya wuce. Sai wani daga ofishin ilimi ya zo da takarda da tawada, ya ce, "Shugaba, nan." Kin tambaye ni ko an karanta mini. Ba a karanta ba. Amma ban ce a karanta ba, Tela yana nan taku goma, da na kira shi. Ban kira shi ba don na san abin da zan ji. In na ce kujerun ba sa nan, tambaya ta gaba ita ce wa ya buɗe ƙofa.

Da aka dakatar da ita na ce ai za su bincika su sake ta. Da aka fara yi mata waƙa a titi na ce ai zai wuce. Kullum da abin da nake gaya wa kaina.

Ga abin da zai yi muku amfani. Ban goge tsohon rubutun da samfefa ba, suna sauri, fenti kawai na shafa a kai. Duk inda kujerun nan suka ƙare, in aka kankare bayansu a hankali da reza, sunayen suna nan a jere, namu a ciki. Ku fara daga makarantar gaba da gada ku bi motar.

Zan zo ranar sha huɗu. Ki ce musu a sa ni kusa da mai tambaya, ta gefen dama, shi ne kunnen da ya rage. In ɗauri ne, a ɗaure. Ban san abin da zan ce wa yayanki ba, da jikokina da suka shekara a kan buhun siminti saboda ni.

Ta rubuta duka. Sau ɗaya ta tsaya, ta tashi ta shiga ciki, ta dawo ta ci gaba.

Baffanki.

Ƙari daga mai rubutu: 'Yata, ni ce Malama. Na rubuta yadda ya faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba, na kuma karanta masa daga farko har ƙarshe kafin ya dangwala a ƙasa. Na daɗe da zargin shi ya buɗe ƙofar. Maganar fentin ce ban sani ba, kuma ban san maganar sakatare ta zauna masa haka ba. Ni da na faɗe ta, tsoron irin wannan takardar nake yi masa, amma a gaban jama'a na faɗa, bai kamata ba. Ya tambaye ni ko na yafe. Ban amsa ba, don ba na so in yi masa ƙarya a ranar da ya daina yi mini. Ki tanadar masa wurin kwana a ƙasa, ba ya iya hawa bene.

23 ga Yuni

Sarkin Tambaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ki gaya wa ƙaramin nan naki hular da ya tsere da ita ina sane. Gwiwa ta kumbura bayan tafiyar, ta sauka. Tela ne ya dawo bakin aikinsa. Ya yi mako biyu ba ya gaishe ni, wai ba laifin da na yi ne ya ɓata masa rai ba, a rediyo ya ji kamar kowa.

Kin ga yadda aka yi a zauren, ba sai na maimaita ba. Har yanzu dai in na tuna lauyan ɗan kwangila yana cewa tsoho ya rikice, sannan mutanenki suka shigo da kujera a ka, aka miƙo mini reza, sai in ji wani iri. Sunayen makarantu huɗu a bayan kujera ɗaya. Na ji kin ce a takarda makaranta huɗu aka saya wa, kowace ɗari da ashirin. Wani a kwamitin ya ce in ji daɗi, na yi aikin jarumi. Na ce masa suna na uku, wato namu, da na huɗu, tsakaninsu fentina ne.

Ga abin da ya biyo baya. Takardar Malama ta fito makon jiya, an wanke ta, ta koma ofishinta, fanshonta yana nan. Ranar da ta dawo samarin bakin shagon babur ba wanda ya ɗaga kai. Ni kuma iyaye sun zauna sun cire ni. Sun kyauta, da ni ne ma haka zan yi. Na miƙa makulli. 'Yan sanda sun kira ni sau biyu, sun ce in zauna kusa, ba a rufe maganata ba. Ɗan kwangila an ce ya yi tafiya. Na ofis mai tawada an mayar da shi wani ofishin, na ji ma ya fi wannan girma. Yayanki yana gaishe ni da safe, daga nan ba ƙari.

Kujeru kuwa shiru. Kwamiti ya ce a kawo cikin kwana talatin, yau arba'in.

Jiya na tare Malama a bakin ƙofa bayan an tashi. Na ce mata tambayar da na yi a falonta tana nan. Ta juya ta kalli azuzuwan, ta ce, "Baba, ni an mayar mini da nawa. Yaran nan har yanzu a ƙasa suke. Ranar da suka hau kujera ka zo ka sake tambaya ta."

Don haka yau da safe na shiga mota na je ofishin ilimi. Masinja ya ce oga ba ya nan. Na ce ba komai, ni ma ba ni da aiki. Na zauna a bencinsu har aka tashi, duk wanda ya wuce na tambaye shi ina kujeru ɗari da ashirin na makarantarmu. Ɗaya ya ce in daina ihu, na ce kurma ne ni, ban san ina yi ba. Litinin mai zuwa zan koma, da ta bayanta.

Ki aiko mini da takardar hukuncin kwamitin, mai hatimi, in riƙa tafiya da ita. Ki haɗo da kasafin bana, shafin da makarantarmu take. Tela zai karanta mini, layi layi, ya ce shi ba ya son lissafi, na ce ba a tambaye shi ba.

Shekarata saba'in da ɗaya, gwiwa ɗaya, kunne ɗaya. Ki taya ni addu'a kujerun nan su riga ni.

Baffanki.